Ɗigo Ukun Baba

Jama'a, yau ku matso kusa, don abin da zan faɗa ko aminiyata ban iya buɗe baki na gaya mata ba. Masu bina tun farko sun san ni. Sababbi kuma ga ni a taƙaice: ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, 'yar bakanike ce ni, kuma ban taɓa sunkuyar da kai wajen faɗin haka ba. Baba ya fi shekara talatin yana gyaran motocin Jamus, manyan nan masu kujerar fata da ake rufe ƙofarsu a daina jin hayaniyar titi. Tun ina 'yar shekara goma nake riƙe masa fitila. Da na gama makaranta sai ya ɗora ni kan kwamfutar gwaji, wai shi kunne gare shi, ni kuma ido.

Ba gyara kaɗai ya sa garejinmu ya yi suna ba. Duk mai hankalin da zai sayi motar Jamus ta hannu sai ya fara kawo mana ita, mu bi ta ciki da waje, mu ba shi takardar gwaji. Shafi ɗaya ce tak, sunan gareji a sama, sa hannu a ƙasa. Dillalai sun tsani takardar nan kamar me, don Baba ba ya rufa wa mota asiri ko ta waye.

Wata takwas ke nan da Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin ramin gareji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ni na yi jinyarsa sati uku a asibiti, babban wanmu kuma, wanda duk muke kira Yaya, ya riƙe garejin. Ya sha wuya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Har asibiti ya biyo ni wata rana ido ya yi ja, wai masu mota sun ƙi karɓar takarda in ba hannun Baba ko nawa ba ne a kai. A baranda, a kan gwiwata, na sa masa hannu a sababbin takardu goma sha biyu da ba a cike ba, don kada aiki ya tsaya, ina yi ina leƙen ɗakin Baba. Tausayinsa ya kama ni sosai ranar.

To, sai maganar Mai Tabarau. Shago gare shi inda ake auna ido a yanka gilashi, kuma haka na ajiye sunansa a wayata har yau. Wata tsohuwar ƙaramar mota ya kawo mana, bel ɗinta na kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ba ma taɓa irinta, amma na ga mutum ya tsaya a rana yana ba motarsa haƙuri, sai dariya ta kama ni na gyara masa. Daga nan bel ya daina kuka, wayata ta fara. Umma kuwa tun ranar da ya fara zuwa gaishe ta ta daina ce min "ke da wannan hannun naki mai baƙin mai wa zai kwasa". Yanzu kullum maganarta ɗaya: kada in kuskura in kore shi da bakin nan nawa. Ni ma ba na son ya tafi. Ina son sa, na faɗa, kowa ya ji.

Ranar Alhamis da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Injiniya, ki wanke hannu ki yi kwalliya. Zan zo da wata baƙuwa."

"Mace?" na rubuta.

"Baƙa ce, doguwa, kuma ta fi ki nauyi."

Na yi tsaki ina murmushi. Na sa doguwar rigata mai ruwan toka, wadda aka yi wa aikin zare fari a wuya da bakin hannu, na yafa farin mayafi, na goge ƙasan faratana da tsohon buroshin haƙori har suka yi zafi. Umma ta canza labulen falo, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai baƙon da ake ji da shi. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ki shafa turare a hannun nan. Kuma don girman Allah yau kada ki yi maganar inji."

Baba yana baranda a keken guragu, inda yake zama kowace yamma yana kallon titi, bargo a gwiwa, hannunsa na hagu a kan ƙarfen keken. Ina gyara masa hula na ji ƙarar wata mota tun daga kwana. Silinda shida, murya ƙasa-ƙasa. Ta shigo layinmu baƙa wuluk, tana sheƙi, yaran maƙwabta na bin ta da ido. Ta tsaya a ƙofar gidanmu, sai ga Mai Tabarau ya fito daga mazaunin direba, farar riga an sha guga, baki har kunne. Yaya ya fito ta ɗaya gefen.

Wallahi baki na saki. Mutumin da ke ba tsohuwar motarsa haƙuri!

Mai Tabarau ya mayar da ƙofa ya rufe.

Baba ya ɗago kai da sauri. Rabon da in ga ya motsa haka tun kafin ciwon. Ya zuba wa motar ido, leɓensa na rawa, sannan ya ɗaga 'yan yatsunsa na hagu ya bugi ƙarfen keken. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya tsaya, ya sake. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Ruwa yake so," Umma ta ce daga bakin ƙofa. "Auta, ba shi ruwa."

Na kawo ruwa, ya kau da kai. Na ɗauka zumuɗi ne, tsohon bakanike ya ga abin da ya saba. Na goge masa baki na bi su falo.

Mai Tabarau ya durƙusa ya gaida Umma, ita kuwa sai sa albarka take kamar ita aka saya wa. Ya juyo gare ni.

"Injiniya, ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Ka san kuwa abin da take sha? Ka san kuɗin fitilarta ɗaya?"

"Auta!" Umma ta harare ni.

Ya yi dariya. "Ki bar ta, Umma. Ai shi ya sa na nemi 'yar gida. Shekara biyu ina tari. Na ce ba zan ɗauki 'yar mai gyaran motar Jamus a waccan akwalar ba. Yaya ne ya samo min, ya ce in yi shiru sai ta zo hannu."

"Wa ya duba ta?" Bakina ne ya riga ni.

"Ni," Yaya ya ce, idonsa a kan kofin lemo. "Na duba."

"Har da takarda," in ji Mai Tabarau. "Ina ganin takardar hankalina ya kwanta, ko zagaya motar ban yi ba."

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ranar Asabar da safe zai je ya ɗauko mahaifiyarsa, tafiyar awa huɗu, ta zo su gana da Umma a tsayar da magana. Umma ta rufe baki da mayafi, hawaye ya cika mata ido. Ni ma zuciyata ta buga, ba zan ɓoye ba. Amma da na raka shi ya shiga ya ja ƙofa, sai kunnena ya kama wani abu. Ƙofar irin motar nan sau ɗaya take magana, dim, shi ke nan. Wannan kuwa bayan dim ɗin akwai wani ɗan ƙaramin ƙas, kamar harshen makullin ya goga kafin ya shiga. Na waiwaya baranda. Baba ni yake kallo.

Kafin magariba na tura masa saƙo. "Gobe da safe ka kawo min kishiyar tawa in canza mata baƙin mai kafin tafiya."

"Kishi ya fara ke nan?"

"Ka dai kawo ta."

Na san Juma'a da safe Yaya yana kasuwar kayan gyara, ba ya dawowa sai wajen sha ɗaya. Ƙarfe takwas Mai Tabarau ya ajiye min makulli a teburin ofis, ya tari tasi ya wuce shago. Na sa rigar aiki, na ɗaure kaina, na shiga na zauna. Fatar kujera ta sha mai, an fesa turare, kafet sabo dal. Sabon kafet a tsohuwar mota, abin da Baba ya tsana ke nan.

Na kunna ta ban tada inji ba. Fitilun gaban direba suka kawo gaba ɗaya, yadda ya kamata. Ga waɗanda ba su sani ba, fitilar jakar iska, wadda ke fashewa ta tare mutum in an yi karo, takan yi 'yan daƙiƙu ta mutu da kanta, ko an tada inji ko ba a tada ba. Na ƙirga goma. Na ƙirga ashirin. Tana nan daram. Ina tada inji ta mutu, lokaci guda da fitilar batir, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya.

Haɗa su aka yi da waya.

Na jona kwamfuta. Inji ya amsa, giya ta amsa, burki ya amsa. Ɓangaren jakar iska shiru, kamar ka yi sallama a kango. Mitar gaban direba tana nuna dubu tamanin da 'yan kai, amma giya tana da nata lissafin da masu juya mita ke mantawa da shi, ita kuma ta ce dubu ɗari biyu da arba'in. Na kwance murfin sitiyari. Inda jakar ya kamata ta kwanta a naɗe, soso ne. Soson katifa, jama'a, an yanka shi daidai wurin.

Na ɗauko ɗan mayen ƙarfen Baba da ke naɗe a ƙyalle, na bi ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Nan ya kama, nan ya kama, na gangaro tsakiya sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Ba ƙarfe a wurin, cikon fanal bita ne aka shafe aka bi da fenti. Na ɓare robar bakin ƙofa. A ƙarƙashin baƙin fenti akwai fari. Walda ta bi ginshiƙin ta zagaye, ta hau har rufi. An yanke rufin wata motar an ɗora mata.

A nan ne na tuna bugun Baba. Na durƙusa, na tura kujerar direba baya, na ɗaga sabon kafet ɗin. Ina ɗagawa ina addu'ar kada in gani.

Ɗigo uku a jere, a jikin ƙarfen ƙasa, kusa da ƙafar kujera.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zama na yi daɓas a kan siminti.

Baba yana da wata ɗabi'a da mu uku kaɗai muka sani, shi da ni da Yaya. In aka kawo motar da ta yi haɗarin da ba ta da sauran amfani, ya ƙi gyarawa, sai ya ɗauki ƙusar ƙarfe da guduma ya yi mata ɗigo uku a wannan wurin, don ko ta dawo masa da wata kama ya gane ta. Duk zamana a garejin sau biyar na ga ya yi. Ta ƙarshe shekara biyu ke nan, wata fara da aka jawo da janwe, ta wuntsila sau uku a babbar hanya, mai ita ya fito da ƙafarsa. Ya so a miƙe ta ya sayar. Baba ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Ta ceci mai ita, ta gama aikinta. A kai ta wurin 'yan gwangwan." Ni na riƙe masa fitila ya buga ɗigon.

Ita ce. Farar ce ta dawo baƙa, kuma Baba da ba ya iya cewa ruwa ya ji karkatar jikinta daga rufe ƙofa ɗaya.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Takun Yaya na ji, da ledar kaya a hannu. Ya ga motar, ya ga murfin sitiyari a kan kujera, ya ga kafet a ɗage. Ya ajiye ledar a hankali.

"Wa ya ce ki taɓa ta?"

"Yaya, dillalin da ya sayar maka da motar nan ya cuce ka." Har a lokacin ina nema masa hanya, ku ji wauta. "Zo ka ga. Motar da Baba ya..."

"Babu dillali."

"Ban gane ba."

"Ni na sayo ta a wurin 'yan gwangwan. Ni na haɗa ta, a garejin wani abokina. Wata biyar ina aikinta."

Na kalle shi kamar yau na fara ganinsa. Wannan mutumin shi ya koya min tuƙi. Shi yake ɗaga Baba ya kai shi banɗaki kowace safiya.

"Ka ga ɗigon?"

"Na gani. Na ɗauko injin gurza ƙarfe zan shafe shi, hannuna ya ƙi." Ya share gumi da bayan hannu. "Auta, waldata ce. Kin san hannuna. Wata guda ina hawanta, ko ƙara ba ta yi ba."

"Soso ka sa a sitiyari, Yaya. Soso!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! In taya ta fashe masa a babbar hanya, rufin nan buɗewa zai yi kamar gwangwanin madara, kai ma ka sani!"

"Maganin Baba da masu gasa masa ƙafa, daga sama kike zaton suke faɗowa? Tunda ya kwanta rabin masu motocin sun gudu." Ya sassauta murya. "Kuma ba shi na yi niyyar sayar wa ba. Gani ya yi ya nace. In ce masa me? In ce surukinka ɗan damfara ne?"

"Sai ka gwammace ya ɗauko uwarsa a ciki."

"Tafiya ɗaya ce. A tsayar da maganarku, ni kuma in lallaɓa in ce ta samu matsalar giya, in canza masa wata. Ba wanda zai ji. In kika buɗe baki yanzu, ba aurenki kaɗai zai tashi ba, sunan Baba ne zai zube a titi."

Na mayar da murfin sitiyari, na shimfiɗa kafet, ya ɗauka na sauko, ya shige ofis. Yana ba da baya na buɗe akwatin fiyus na zare na famfon mai, na jefa a aljihun rigar aiki. Ba fiyus, ba mai, ba tafiya. Sannan na rubuta wa Mai Tabarau: "Motar za ta kwana a nan. Wani ɗan abu na gani."

A nan na yi kuskure, kuma na sani. Ɗan abu na ce. Na ji tsoron rubuta gaskiya, na ce bari in fara jin ta bakin Umma, ko ita za ta tsawata wa ɗanta.

Na same ta a falo tana goge kofunan jiya, ta baje sabon zanen tebur tana gwadawa saboda baƙuwar gobe. Baba yana gefe kusa da taga. Ko rigar aiki ban cire ba na zauna a ƙasa na zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe, kofi a hannu. Na jira salati. Na jira ta ce a kira mata shi.

"Yanzu motar tana tafiya ko ba ta tafiya?"

"Umma?"

"Tambayarki na yi."

"Tana tafiya, amma in aka yi karo..."

"Wa ya ce miki za a yi karo? Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Mutane nawa ke yawo a motocin da ko ƙofa babu, Allah na tsare su?"

"Umma, rai biyu ne."

"Ni ma 'ya'ya biyu nake magana a kai." Ta ajiye kofin da ƙarfi. "Wanki ya yi ba daidai ba, zan ci masa mutunci da kaina, amma a cikin ɗaki. Ke kin san shekara nawa na yi ina jin ana ce min 'yarki ta zama namiji? Yanzu Allah ya kawo mai son ki da baƙin man naki, sai ki je ki ce masa gidanmu gidan macuta ne? Uwarsa za ta taka ƙofar nan bayan ta ji?"

"In ta mutu a hanya ma ba za ta taka ba."

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai ta mayar ta dafe ƙirji. "Ki bari gobe ta wuce. Abin da na roƙe ki ke nan. Ni na haife ki, ban taɓa roƙonki komai ba."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Muka juya tare. Baba yana bugun ƙarfen keken, hawaye na bin gefen fuskarsa mai motsi. Wannan karon Umma ba ta ce ruwa yake so ba. Kau da kai ta yi.

Na shiga ɗaki na yi sallar azahar, na daɗe a kan sallaya, ina ta juya fiyus ɗin a tafin hannu. Na ce ai motar ba za ta tashi ba, ina da sauran yini guda in nemo kalmomin da zan gaya masa. Na manta cewa Yaya ma ɗan Baba ne.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci waya ta yi ƙara.

"Injiniya, kin ji kunya. Yaya ya ce fiyus ne kawai ya ƙone, minti biyu ya canza, ya kawo min ita har shago. Tunda ta samu na rufe da wuri, gara in kwana can mu taso da sassafe. Na fita gari ma. Wallahi kamar a kan gado nake, ɗari da arba'in ban ji komai ba."

Har da hoton titi ta gilashin gaba.

Ban san lokacin da na fito falo ba, ba ɗankwali, waya a kunne. Umma ta miƙe tsaye.

"Wa kike kira? Auta, wa kike kira?"

Ta yi ƙara sau huɗu kafin ya ɗauka, kiɗa na tashi a bayansa.

"Har kin fara kewata?"

"Rage gudu. Yanzu. Kada ka taka burki da ƙarfi, ɗaga ƙafarka kawai, ka koma gefen hanya ka tsaya."

"Lafiya?"

"Don Allah ka yi abin da na ce."

Umma ta riƙe min hannu, tana girgiza kai, leɓenta na cewa kada, kada. Na ji kiɗan ya mutu. Na ji ƙarar sigina, na ji tsakuwa a ƙarƙashin taya.

"Na tsaya. Baba ne?"

"Kashe ta ka fito. Ka yi nesa da titi."

Na ji ƙofar. Dim, ƙas. Ta cikin waya ma ana ji.

Na rufe ido na faɗa masa duka, ban rage ko ɗaya ba. Na ce motar ta taɓa wuntsilawa, Baba ya yanke mata hukunci shekara biyu da suka wuce. Na ce rufin na wata motar ne, ginshiƙan walda ce da ciko, mita an juya, a cikin sitiyarin da ya riƙe yana gudu ɗari da arba'in soson katifa ne. Na ce Yaya ne ya haɗa ta da hannunsa. Da na kai nan Umma ta saki hannuna ta zauna a kan sabon zanen teburinta da ya zamo ƙasa.

Manyan motoci na wucewa ta gefensa, ina jin iskarsu.

"Kana ji na?"

"Ina ji." Muryar ba tasa ba ce. "Tun yaushe kika sani?"

"Yau da safe. Wallahi yau da safe."

"Yau da safe," ya maimaita a hankali. "Bari in turo miki wani abu."

Ya kashe.

Na tsaya riƙe da waya a tsakiyar falo. Na ɗauka zagi zai turo, ko ya ce a gaya wa Yaya su haɗu a wurin hukuma, kuma na shirya wa duka biyun. Hoto ne ya shigo. Takarda ce a shimfiɗe a kan baƙin bonet, ya danne gefenta da tabaraunsa don iska. Sunan garejinmu a sama. Lambar motar da rubutun Yaya. Jiki: lafiya, ba ta taɓa haɗari ba. Jakar iska: lafiya. Mita: ta asali.

Na ja hoton ƙasa da ɗan yatsa.

Sa hannuna ne. Nawa, da 'yar lanƙwasar da nake yi a ƙarshe, ya ɗan karkace saboda a kan gwiwa na yi shi, a barandar asibiti.

Saƙo ya biyo baya. "Ban san inji ba, ban san walda ba. Wannan na gani na saya. Hannun waye?"

Na durƙusa a gaban keken Baba. Na rubuta bayani mai tsawo, asibiti, jinya, takardun da ba a cike ba, na karanta na ga ko ni aka turo wa ba zan yarda ba. Na goge. Na rubuta kalma biyu na tura.

"Nawa ne."

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

Baba ya miƙo hannunsa na hagu ya jawo wayar kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallon takardar da ya yi shekara talatin yana tsare mata mutunci. Sannan ya saki wayar, ya buɗe tafin hannunsa a gabana yana girgiza shi, yadda yake yi a gareji in yana tambayar ina sauran kayan aiki.

Sai a lokacin lissafin ya faɗo min. Goma sha biyu na sa wa hannu ranar. Ɗaya ce wannan.